ABUL ƘASIM AZ-ZAHRAWI, LIKITAN ƘURƊUBA MAI JINYAR RAUNUKA

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci cuta ya kuma halicci maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, filin wannan mako ya ƙunshi tarihin wani malami daga cikin manyan malaman ƙasar Andalus, wanda ya shahara gabas da yamma saboda gwanintarsa wajen ɗinkin rauni, da tsai da jini, da ɗorin karaya. Sunansa Abul Ƙasim Halaf bin Abbas Az-Zahrawi, shi ne wanda Turawa suke kira Abulkasis.

Jinyar rauni daɗaɗɗen aiki ne cikin Musulunci. A ranar yaƙin Uhudu, cikin shekara ta 3 bayan Hijira, sa'ad da aka ji wa Manzon Allah (SAW) rauni a fuska, 'yarsa Nana Faɗima ce ta wanke wurin. Da ta ga ruwa sai ƙara zubar jinin yake yi, ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a kai, jini ya tsaya. A yaƙin Handaƙu kuwa, cikin shekara ta 5, da kibiya ta sami Sa'adu bin Mu'azu a jijiyar hannu, an ajiye shi ne a hemar Rufaida Al-Aslamiyya cikin masallacin Madina, inda take jinyar waɗanda aka ji wa ciwo. Bayan wannan da shekara fiye da 300 aka haifi mutumin da ya tattara wannan aiki, ya tsara shi babi-babi, ya mai da shi ilmin da ake koyarwa.

Haihuwarsa da zamaninsa

An haifi Az-Zahrawi wajen shekara ta 936 Miladiyya a ƙasar Andalus, watau kudancin ƙasar Sifen ta yanzu. Ana jingina sunansa ga birnin Az-Zahra, wanda Halifa Abdurrahman na Uku ya gina kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, domin ya zama fadar mulkinsa. Ana kuma kiransa Al-Ansari, saboda nasabarsa da ake dangantawa da mutanen Madina. Ya tashi a lokacin da Ƙurɗuba take kan ganiyarta. Abdurrahman ya ayyana halifancinsa a 929, ya haɗa kan ƙasa, kasuwa ta bunƙasa, malamai suka yi ta zuwa daga nesa. Ɗansa Al-Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, mutum ne mai tsananin son littafi, har yana aika wakilai Bagadaza da Dimashƙa da Misira su sayo masa, kuma ana cewa taskarsa ta tara littattafai kusan 400,000. A zamaninsa ne Az-Zahrawi ya yi suna, har ana lissafa shi cikin likitocin fada.

To, amma zamanin bai rasa yaƙe-yaƙe ba. Bayan rasuwar Al-Hakam, waziri Al-Mansur bin Abi Amir ya riƙe ragamar mulki, ya fita yaƙi fiye da sau 50 kafin ya rasu a 1002. Kowace runduna ta komo, takan komo da masu sukar mashi, da masu saran takobi, da waɗanda kibiya ta ɓuya cikin jikinsu. Saboda haka Az-Zahrawi bai tsaya ga karatun littattafan magabata kaɗai ba, irin su Jalinusu da Bulus na Ajina da Ar-Razi. Abin da ya karanta ya gwada shi a kan raunuka na gaske, shekara da shekaru.

Littafin At-Tasrif

Bayan wajen shekara 50 yana wannan aiki, ya kammala babban littafinsa mai suna At-Tasrif wajen shekara ta 1000. Littafin ya kasu kashi 30. Akwai kashin da ya yi bayanin cututtuka tun daga kai har ƙafa, akwai na abinci, akwai na harhaɗa magunguna. A ciki ne ya ba da labarin wani ƙauye inda maza sukan mutu da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, abin da likitocin yau suka gane cewa ciwon gado ne mai hana jini daskarewa. Kashi na 30 kuwa, wanda ya fi dukansu shahara, shi ne na aikin fiɗa. Ya raba shi gida uku: na farko a kan lalas, watau ƙona wuri da ƙarfe mai zafi, na biyu a kan tsaga da ɗinki da cire kibiya da jinyar raunuka, na uku a kan ɗorin karaya da targaɗe. Ya zana hotunan kayan aiki kusan 200, asake da hantsaki da almakashi da ƙugiyoyi da allurai, domin almajiri ya kai wa maƙeri ya ƙera masa daidai yadda ake bukata.

Yana magana da almajiransa cikin littafin ne kamar uba da 'ya'yansa. Abin lura shi ne, bai buɗe kashin fiɗa da labarin nasarorinsa ba. Ya buɗe shi ne da kukan cewa sana'ar ta lalace a ƙasarsu, ta faɗa hannun waɗanda ba su san yadda aka shirya jikin ɗan Adam ba, sa'an nan ya jera labarai huɗu na ɓarnar da ya gani da idonsa.

Na farko, wani likita ya tsaga kumburi a wuyan wata mace ba tare da ya san inda jijiyoyin jini suka bi ba, ya datse su, jini ya yi ta zuba har ta mutu a hannunsa. Na biyu, wani tsoho ne mai babban dutse a mafitsara. An fara kiran Az-Zahrawi, ya duba girman dutsen da raunin jikin tsohon, ya ga ba zai ɗauki aikin ba, ya janye hannunsa. Wani likita ya yi ƙuru ya ciro dutsen tare da yankin mafitsara, tsoho ya rasu bayan wajen kwana 3. Na uku, wani likita mai karɓar albashi a gidan wani shugaban mayaƙa an kawo masa wani bara wanda ya karye a ƙafa kusa da diddige, kuma karayar tana tare da rauni. Ya jera karare a kan raunin, ya ɗaure tamau, bai bar wa wurin ko ƙofar shan iska ba, ya kuma hana a kwance ɗaurin kwana da kwanaki. Ƙafa ta kumbura, yaro ya kusa halaka. Da aka kira Az-Zahrawi, nan take ya kwance ɗaurin, zafi ya lafa, amma ruɓa ta riga ta kama naman, ta yi ta cin gaba har ta kashe shi. Na huɗu, wani ya tsaga kumburin ciwon daji, wurin ya zama gyambo, wahalar mai shi ta ninku.

Duk waɗannan mutane huɗu hannun mai magani ne ya cuce su fiye da ciwon da ya kawo su. Lalle gaskiyar Hausawa da suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Daga nan Az-Zahrawi ya shimfiɗa ƙa'idarsa, cewa aikin fiɗa iri biyu ne: akwai wanda galibi ake samun lafiya a bayansa, akwai wanda galibi yake kai wa ga halaka. Ya gargaɗi almajiransa da su fara da sanin gaɓoɓi da jijiyoyi da ƙasusuwa kafin su ɗauki aska, su yi taka-tsantsan da iri na biyu, kada kwaɗayin abin hannun majinyaci ko magiyarsa su ja su ga abin da ba za su iya ba. Wannan ya yi daidai da hukuncin shari'a da malaman fiƙihu suka tabbatar, har da na mazhabar Malikiyya wadda Andalus take bi kamar ƙasar Hausa, cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, to, alhakin abin da ya ɓata yana wuyansa.

Yadda yake jinyar rauni

Game da zubar jini, abin da ya fara koyarwa shi ne mai jinya ya hanzarta ɗora yatsa a bakin jijiyar ya danne, har jinin ya tsaya a ƙarƙashin yatsan. Sa'an nan ya lissafa hanyoyi huɗu na tsai da jinin jijiya: a ƙona bakinta da ƙarfe, ko a datse ta gaba ɗaya idan tsagewa ta yi domin bakinta biyu su tsuke, ko a ɗaure ta da zare mai ƙarfi, ko a sa maganin tsai da jini a danne da ɗauri. Wajen lalas ya fifita baƙin ƙarfe a kan zinariya, domin launin ƙarfe yana nuna iyakar zafinsa, zinariya kuwa tana saurin hucewa, in an ƙara mata wuta ta narke. Kafin ya ɗora ƙarfe yakan sa wa wurin alama da tawada, don kada hannu ya kauce.

Game da sabon rauni, ya koyar da a duba kada gashi ko mai ko wani tarkace ya shiga tsakanin bakinsa biyu, domin hakan yana hana shi haɗewa. In ƙarami ne a haɗa bakin da ɗauri, in babba ne a ɗinke. Ya bayyana hanyoyin ɗinkin ciki iri-iri, ya kuma yi bayanin ɗinka hanji da siririn zaren da aka zare daga hanjin dabba. Wannan zare jiki ne yake shanye shi da kansa, kuma likitoci sun ci gaba da aiki da shi har cikin ƙarni na 20. Ya ambaci har wa yau wata dabara da ya ji daga wasu masu gwaji, ta kama bakin raunin hanji da kawunan manyan tururuwa. In hanji ya fito waje ya yi sanyi ya kumbura, sai a ɗumama shi da tsumma mai ruwan ɗumi kafin a mai da shi, sa'an nan a kwantar da mutum yadda sashen da ke da raunin zai fi ɗayan tudu.

Ya ba da labarin wani da aka soka da wuƙa a ciki, raunin ya fi tsawon taƙi guda, hanjinsa ya kwana ya wuni a waje, har likitoci sun fid da rai da shi. Az-Zahrawi ya mai da hanjin ya ɗinke. A inda yake a lokacin babu man shafawa babu magani, don haka abin da ya yi kawai shi ne ya riƙa sauya auduga a kan raunin sau biyu kowace rana, yana wanke shi da ruwan zuma. Cikin wajen kwana 15 raunin ya haɗe, mutumin ya rayu shekaru masu yawa bayan haka. Wanda ya duba wannan labari zai ga rabin aikin ne ɗinki, sauran rabin kuwa shi ne komowa ga raunin safe da yamma ba fashi.

Wata rana kuma aka kira shi wurin wata kuyanga da ta sa wa kanta wuƙa a maƙogwaro, ya tarar tana gurnani kamar dabbar da aka yanka. Bai firgita ba. Ya buɗe raunin, ya ga jinin kaɗan ne, iska kuwa tana fita ta wurin, ya gane wuƙar ba ta taɓa manyan jijiyoyi ba. Ya ɗinke, ya yi ta jinyarta har ta warke, ba abin da ya saura sai 'yar disashewar murya. Daga nan ya tabbatar wa almajiransa cewa tsaga maƙogwaro ba lalle ne ya zama ajali ba.

Wajen cire kibiya ma haƙurinsa ya bayyana. Wani daga cikin manyan mayaƙan sarki kibiya ta same shi a tsakiyar hanci ta ɓuya gaba ɗaya. Az-Zahrawi ya lalluba bai same ta ba, bai kuwa shiga yanka fuskar mutumin a makance ba. Ya yi ta jinyar wurin yana saurare wajen wata 4, har ya ji kan kibiyar da ƙarfen lallube, ya faɗaɗa ƙofar sannu a hankali, ya ƙera hantsakin da ya dace, ya zare ta, mutumin ya warke. Cikin waɗanda ya cire wa kibiya akwai wani Bayahude da ta sama ƙarƙashin ido, da wani Kirista da ta sama a maƙogwaro, dukansu kuwa sun tashi. Bai tambayi addinin mai rauni ba kafin ya duba shi.

Game da karaya, darasin yaron nan bai bar zuciyarsa ba. Ya koyar da cewa in wurin ya kumbura da zafi, kada a sa karare sai kumburin ya sauka. In mai karaya ya ji zafi mai tsanani, ko wurin ya kumbura bayan an ɗaure, a kwance nan da nan ba jinkiri. In kuwa akwai rauni tare da karayar, kada a ɗora kara a kan raunin, a yanka taga a jikin ɗaurin daidai girman raunin, domin ruwan miki ya sami mafita, mai jinya kuma ya riƙa ganin wurin kullum. Ya kuma soki jahilan maɗora masu sake karya ƙashin da ya riga ya haɗe a karkace. Bugu da ƙari, da ya ga mata suna jin nauyin likita namiji, ya yi umurni a nemi likita mace ko ungozoma ƙwararriya, a koya mata aikin dalla-dalla, ya kuma rubuta babi musamman domin koyar da ungozomomi.

Bai ɓoye iyakar iyawarsa ba. Ya faɗi a sarari cewa ciwon daji in ya tsufa ya girma bai taɓa warkar da shi ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Ya kuma rubuta labarin wani mutum da ruɓa ta kama wa hannu, ya roƙe shi ya yanke, shi kuwa ya ƙi don tsoron kada mutumin ya mutu. Mutumin ya koma garinsu ya yanke hannun da kansa, ya warke. Az-Zahrawi ya sa wannan labari cikin littafinsa domin na baya su ɗauki darasi, ko da yake ba yabo ne gare shi ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da rushewar daular da ya yi wa aiki. Fitina ta tashi a Ƙurɗuba a 1009, aka washe birnin Az-Zahra a 1010, aka bar shi kango. Az-Zahrawi ya rasu a 1013, daidai da 404 bayan Hijira. Wanda ya rubuta wannan shekara shi ne Hasan Al-Wazzan, marubucin nan na ƙarni na 16 wanda ya siffanta Kano da Katsina da Zazzau da Gobir cikin littafinsa na bayanin Afirka. Ibn Hazm, wanda ya riski zamaninsa, ya lissafa At-Tasrif cikin abubuwan da Andalus take alfahari da su.

Fada ta rushe, littafi ya wanzu. A ƙarni na 12 Jerad na Kiremona ya juya kashin fiɗa zuwa Latin a birnin Toledo, ya shiga makarantun likitanci na Italiya da Faransa. Babban likitan fiɗa na Faransa, Guy de Chauliac, ya ambaci sunansa kusan sau 200 cikin littafinsa na 1363. A 1465 wani likita Baturke a garin Amasya ya rubuta littafin fiɗa mai hotuna bisa tushen At-Tasrif. An buga kashin fiɗa a Banis a 1497, an buga shi da Larabci da Latin a Okusfod a 1778, an kuma buga shi da Larabci da Ingilishi a 1973.

Ilmi ya ci gaba bayansa ƙwarai. A zamaninsa ba a san ƙwayoyin cuta ba. Sai a 1847 Semmelweis ya nuna a Biyana cewa wanke hannu yana rage mutuwar masu jego, sai kuma a 1867 Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a rauni da kayan aiki. Yanzu na'urar lantarki ta maye gurbin ƙarfen lalas, zaren roba mai narkewa ya maye gurbin zaren hanji a yawancin asibitoci. Duk da haka, ginshiƙan da ya kafa suna nan. Danne rauni shi ne farkon abin da ake koya wa mai taimakon gaggawa. Ana yin abin rufe miki da zumar da aka tace aka tsarkake. Takardar kiyaye lafiyar majinyaci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta ƙunshi tabbatar da an sa alama a wurin da za a yi wa fiɗa.

Labarin ƙafar da aka ɗaure tamau kuwa, shi ne ya fi kusa da gidajen jama'a, domin har yanzu a ƙasar Hausa ana kai yara asibiti da hannu ko ƙafa da ta ruɓe sanadin matsattsen ɗori, har ta kai ga yankewa. Likitoci sun bayyana dalili: gaɓar da ta karye takan kumbura, in ɗauri ya hana ta wuri sai jini ya kasa ratsawa, nama ya soma mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa ake koya wa nas ta riƙa duba yatsun wanda aka ɗaure wa karaya, ta ga launinsu, ta ji ɗuminsu, ta tambaye shi ko yana jin taɓi, ko yana iya motsa su. Zafin da yake ƙaruwa ba ya jin magani, da yatsun da suka yi sanyi ko suka sauya launi ko suka mutu, alamu ne na a sassauta ɗauri a garzaya asibiti a wannan sa'a, ba a jira wayewar gari ba. Haka kuma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce tun daga farko. Wannan sani ya wajaba ga maɗori, da wanzami, da uwa mai jinyar ɗanta a ɗaki, kamar yadda ya wajaba ga ma'aikacin asibiti, domin jikin majinyaci amana ce a hannun duk wanda ya taɓa shi.

Allah ya jiƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya saka masa da alheri bisa ilmin da ya bari. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti, ya ba masu jinyarsu haƙuri da sani da tsoronsa, amin.